Wane Mamman?

Duk wanda ya taɓa kai yadi rumfar Malam Nata'ala tela a kasuwar Ƙanƙara ya san abu biyu: ɗinkinsa ba zai fito ranar da aka ce masa ba, kuma ba zai bar rumfar nan ba sai ya sha labarin Malam Mamman. Ana gwada maka wuya ana ba ka, ana gwada hannu ana ƙara maka. Malam Mamman kakansa ne, uban ubansa. Malami ne, in ji Nata'ala, irin wanda ba a sake haifa ba a ƙasar Katsina. Littattafansa jaki uku ke ɗauka. Da can jaki biyu ne, amma tun shekarar da Nata'ala ya sayi sabon keken ɗinki suka koma uku. Don tsananin ilimi ma ba ya magana a taro, sai dai ya ɗan gyaɗa kai. In kuwa ya zauna karatu da hantsi, makwarwa ce ke fitowa daga dawa ta tsuguna bakin buzunsa tana saurare, shi ya sa har yau jininsa ba ya cin makwarwa.

Kar a zalunci bawan Allah, na ƙarshen nan da gaskiyarsa: a gidansu ba a cin makwarwa, haka ya taso ya tarar. Sauran kuwa sai Allah. Ubansa Labaran baƙo ne a Ƙanƙara, ya rasu shekarar babbar yunwa, Nata'ala bai fi shekara tara ba. Uwarsa kuma mace ce mai kunya irin ta mutanen da, har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, balle na surukinta. In ya matsa mata da tambaya sai ta ce, "Mutanen kudu ne, can wajen Faskari ko Sabuwa," ta ci gaba da kaɗinta. Sunan Mamman ɗin ma wurin kakansa na wajen uwa ya tsince shi, wanda ya ga mutumin sau ɗaya tak, ranar neman aure. Abin da tsohon ya ce bai wuce haka ba: "Malam Mamman, mai babban rawani. Har aka tashi bai ce uffan ba. Ka san manyan malamai." Da wannan ɗan ƙyallen Nata'ala ya ɗinka babbar riga har da aiki a wuya, ya saka abarsa shekara talatin.

To, a daminar 1955 aka zo neman auren 'yarsa Asma'u. Ba yarinya ba ce, mijinta na fari ya rasu shekara biyu da suka wuce, ta dawo gida tana saƙar faifai tana sayarwa. Mai neman shi ne Barau kafinta, wanda rabin ƙyauren garin aikinsa ne, ba ya sha, ba ya caca, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Asma'u ta riga ta gaya wa uwarta ƙarara cewa shi take so. Aibin Barau ɗaya ne a wurin Nata'ala: ubansa Almu daga gidan Maguzawa ya fito, da girmansa ya musulunta, kuma garin kowa ya sani.

Bayan la'asar Almu ya zo zauren Nata'ala da goronsa da dattawa biyu. Maƙwabta suka shigo aka zazzauna, cikinsu har da Gide mai goro, taubashin Nata'ala, mutumin da Allah ya halitta don ya hana shi sakat. Aka yi gaisuwa, Almu ya faɗi abin da ke tafe da shi. Nata'ala ya gyara murya, ya gyara zaman hula.

"Malam Almu, yaronka ba ni da abin cewa game da halinshi. Amma aure ba da hali kaɗai ake yin shi ba, akwai asali. Ɗiyar nan da kake gani jinin Malam Mamman ce. Ina tsoron abin da zan ce mashi ran gobe."

Almu mutum ne mai sanyi, bai ji haushi ba, ko kuma ya ji ya haɗiye. Ya ce, "Allah ya jiƙan shi da rahama. Amma Malam, don Allah wane Mamman? Don ni a ɗan ƙauyenmu kaɗai na san huɗu."

Wallahi da zuciya ɗaya ya yi tambayar. Amma sai ga Gide ya kife da dariya yana dukan tabarma.

"Kai, Allah ya yi ma albarka, Malam Almu! Shekara talatin ina son yin tambayar nan, ina tsoron ya ɓata mani ɗinki!"

Dariya ta ɓarke, har dattawan da suka rako Almu suna rufe baki da hannun riga. Nata'ala ya buɗe baki zai faɗi garin, ya ga bai san garin ba. Zai faɗi sunan uban Malam Mamman, nan ma fayau. Kunya ta rufe shi, kunyar kuma ta juye ta zama fushi, fushin ya sa shi rantsuwar da ba wanda ya roƙe shi.

"Ku ba ni kwana goma! In ban kawo maku garin kakana da gidansu da mai shaida mai rai ba, Barau ya turo a ɗaura. In kuwa na kawo, kar wanda ya ƙara tako mani zaure da maganar nan!"

Washegari da sassafe yana ɗaure ƙunshin kayansa a bayan keke, Asma'u ta fito da goran fura ta rataya masa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dace." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni dai Baba, mai rai nake so." Maganar ta soke shi, amma ya yi kamar bai ji ba, ya haye kekensa.

A Faskari ya fara sauka. Ya sami dattawa jere a gindin masallaci bayan azahar, ya yi sallama, ya raba goro, ya ce zuriyar Malam Mamman yake nema. Wani tsoho mai farin gemu ya dube shi sama da ƙasa, sai ya juya ga jeren ya ɗaga murya ya ce, "Mamman!" Mutum biyar suka waiwayo.

"Ni ne na shida," in ji tsohon. "Wanne kake so?"

Nata'ala ya ce a'a, na da yake nufi, wanda ya rasu tuntuni. Ai kuwa sai ya tsokano su. Aka shiga jero masa: Mamman Dogo, Mamman Gajere ƙanen Mamman Dogo, Mamman Mai Tandu, Mamman na Ta-Sallah, Mamman da kura ta cinye wa jaki, da wani Mamman Ba-ka-wanka wanda jikokinsa ba su son a tuna. Kowane kuma malam ne, don a ƙasar nan duk wanda ya yi furfura bai yi sata a gaban mutane ba malam ne. Suka tambaye shi sunan uban nasa Mamman ɗin, bai sani ba. Laƙabinsa fa? Babu. Suka duba tsagar fuskarsa, irin ta rabin mutanen kasuwa ce. Da ya ga abin na neman kuɓucewa sai ya kawo labarin makwarwa mai sauraren karatu. Tsohon nan ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "To Malam, mu nan makwarwarmu ba ta zuwa karatu, miya take zuwa."

Kwana biyu ya yi a Faskari yana bin gidaje, ya wuce Ruwan Godiya ya ƙara tara Mamman takwas a kan na baya. A Tafoki ne Allah ya kusa yanke masa wahala. Aka nuna masa wani babban gida, aka ce mai gidan na farko Malam Mamman ne, yana da allo da tawada, kuma cikin 'ya'yansa akwai Labaran wanda ya taɓa zama Ƙanƙara. Nata'ala ya yi sallama ya faɗi ko shi ɗan wane ne. Mutanen gidan suka rungume shi, mata suka yi guɗa daga ciki, aka kama zakara aka yanka. Ya ci ya yi nak, ya yi kuka, ya share hawaye da hannun riga yana cewa jini ba ya ɓuya, shi tun daga ƙofa ya ji a jikinsa. Yana cikin suɗe ƙashi sai wani daga cikin masu gidan ya ce, "Kai, Baba Labaran zai yi murna in ya dawo daga gona. Bai taɓa gaya mana ya bar ɗa a Ƙanƙara ba."

Nata'ala ya ajiye ƙashin a hankali. Ubansa shekara arba'in ke nan a ƙasa. Bai jira Baba Labaran ya dawo ya yi wa matansa bayani ba, ya ce zai zagaya, ya ja kekensa ta bayan danga. Har yau ban san yadda tsohon nan ya ƙare da iyalinsa ba.

Ran na shida ya shiga Sabuwa, ƙafa ta kumbura, goro ya ƙare. Labarinsa kuwa ya riga shi isa. Wani maroƙi ya tare shi bakin kasuwa ya ja shi gefe, ya ce, "Malam, ka daina wahal da kanka. Ɗinka mani riga ɗaya, in haɗa ka da duk Mamman ɗin da ranka ke so, har kakanni bakwai, in bi ka Ƙanƙara in yi shaida da kirari." Ba zan ɓoye ba, Nata'ala ya tsaya ya yi tunani, har ya ƙiyasta yadin a ransa. Abin da ya hana shi ba tsoron Allah ba ne, tsoron Gide ne, don babu maroƙin da Gide bai sani ba daga nan har Funtuwa.

Aka ce masa akwai wani tsoho a Damari da ya san tsofaffin gidaje. Washegari ya kama hanya. Bai yi nisa ba hadari ya haɗo, kafin azahar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Laka ta cushe ƙafar keke har ta daina juyawa, ya saɓa shi a kafaɗa yana tafe yana zamewa. Can tsakiyar gonaki ya hango wani gida shi kaɗai, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Tun daga nesa ya gane gidan Maguzawa ne, ga mata sun dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ga manyan tukwanen giya kife bayan danga. Da a Ƙanƙara ne ko inuwar gidan ba zai tsaya ba. Amma ruwa bai san jikan malam ba, ya shige zauren yana ɗiga.

Mai gidan, wani ƙaƙƙarfan mutum sa'arsa mai suna Ɗanhausa, ya tarbe shi kamar ya san da zuwansa. Ya hura masa wuta, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ɗauko wata buta da suke ajiyewa don baƙi masu salla, har ya nuna masa gabas. Da ya idar aka kawo tuwon dawa yana tururi, da miya da nama zuƙu-zuƙu.

"Ci ba shakka, Malam," in ji Ɗanhausa. "Musulmi ya yanka. Makwarwa ce, yara suka kamo da safe."

Yunwa kamar ta kashe shi, amma Nata'ala ya janye hannu. Ya ce a yi haƙuri, su a gidansu ba su ci. Har ya ɗauko numfashi zai fara labarin buzu da karatun hantsi, sai Ɗanhausa ya ce, "Ikon Allah, kamar tsohuwarmu." Ya leƙa cikin gida ya ce, "A ɗebo ma baƙo miyar Iya, shi ma ba ya ci!"

Miyar ba ita kaɗai ta zo ba. Wata tsohuwa ce ta biyo ta, 'yar ƙarama, ta ranƙwafa, tana dogara sanda, ruwa na zuba a kanta ba ta damu ba. Uwar Ɗanhausa ce, sunanta Kulu. Ta tsaya bakin zaure ta ƙura wa baƙon ido.

"Wa ya hana ka cin makwarwa?"

Nata'ala ya gyara zama. Ya fara da jakuna uku. Tsohuwar ba ta bari ya kai ga buzu ba.

"Ban tambaye ka jaki ba. Ɗan wa kake?"

"Sunan mahaifina Labaran. A Ƙanƙara ya zauna."

Sandar ta faɗi. Tsohuwar ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. "Labaran na Nomau," ta ce. "Wayyo ni Kulu. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Nata'ala ya yi sauri ya ce a'a, Iya, an yi kuskure, shi kakansa Malam Mamman ne. Ya riga ya ci zakaran mutane sau ɗaya, ba ya son na biyu.

"Mamman ɗin ke nan," in ji Kulu. "Ai ina nan aka yi shi."

Daga nan ta kwance masa rigar da ya yi shekara talatin yana ɗinki, zare bayan zare, ba ta ma san tana yi ba. Makwarwa kan gidansu ce, wato abin da jininsu ya haramta wa kansa. Tun kakan kakanni, mahara suka biyo wani kakansu yana barci a dawa, makwarwa ta tashi firr ta farkar da shi ya tsira, shi ke nan jininsa ya bar cin ta. Ita da ta yi aure a gidan da ake ci, shekara hamsin da ɗoriya tukunyarta daban. Ubansu Nomau kuwa manomi ne na ji da faɗi, wanda ya taɓa ɗaure dami dubu a kaka ɗaya. Labaran ya tafi cin rani Ƙanƙara, ya musulunta a can, ya ga wata yarinya ya ce in ba ita ba sai rijiya. Uban yarinyar ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai san asalinsa ba, ya je ya zo da ubansa a gani.

"Ya zo nan yana kuka kamar yaro," in ji Kulu. "Baba ya ce, don wannan? Ya tashi ya tafi Sabuwa wurin wani malami, aka yi mashi wanka. Ya ce to mi ne sunana yanzu? Malamin ya ce Mamman. Duk wanda ya musuluntar Mamman yake sa mashi, a gefen nan kaɗai ya yi Mamman sun fi ashirin. Aka aro riga, aka aro rawani, malamin ya naɗa mashi da hannunshi. Labaran ya roƙe shi kar ya yi magana, don da ya buɗe baki za a gane."

"Shi ya sa bai ce uffan ba," in ji Nata'ala, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Da wannan, da kuma rawanin. Ya ce tun daga Faskari yake jin abin na kwancewa. In ya motsa kai da ƙarfi zai zube, bai kuwa iya maida shi ba. Sai dai ya ɗan gyaɗa."

Ɗanhausa ya juya baya yana gyara itacen wuta, kafaɗunsa na rawa. Nata'ala ya tattaro ɗan abin da ya rage masa ya ce, "To jakunan fa?"

"Jaki ɗaya ne. Dawa ya kai masu."

Shi ke nan Malam Mamman ya ƙare, malamin da ya yi yini ɗaya a duniya. Nata'ala ya ji kamar an tuɓe shi tsakiyar kasuwa. Ya ji haushin tsohuwar, ya ji haushin ruwan da ya koro shi, ya ji haushin makwarwa. Amma Kulu ba ta gama ba. Ta ce da Nomau ya dawo ya mayar da riga da rawani, sallar kuwa bai mayar ba. Ya ce ya yi wa mutanen Ƙanƙara ƙarya, ba zai haɗa da Allah ba. Fatiha da Ƙulhuwallahu kaɗai ya iya, da su ya yi ta yi har ya mutu, giya ma ya bari, abokansa na yi masa dariya. Kuma ya kafa doka a gidan: kar wanda ya taka Ƙanƙara, kar a je a ɓata wa yaro aure.

"Ran da Labaran za ya tahi ya ce za ya kawo mani zane," in ji ta. "Ban yi fushi ba, na san hidima ce ta yi mashi yawa. Yana nan lafiya? Ya tsufa ko?"

Nan ne haushin Nata'ala ya mutu. Tausayi ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya sauko daga tabarma ya durƙusa gabanta a ƙasa, ya gaya mata gaskiya, cewa tun shekarar yunwa. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga bakin zaure, tana murza yatsunta.

Can ta tambaye shi abin da ya fito da shi cikin damina. Ya faɗa mata duka, da Asma'u da Barau da rantsuwar, bai rage ba. Tsohuwar ta ɗaure fuska, don ita ma ba ta wasa da asali.

"Yaron na cin makwarwa?"

"Yana ci."

"To ba jininmu ba ne, aure ya halatta. Ba shi."

Da gari ya waye ruwa ya ɗauke. Nata'ala yana kankare lakar keke yana lissafi, don tela ba ya rasa dabarar ɓoye ɓaraka. In ya koma shi kaɗai ya ce bai samu ba, ya sha kaye a rantsuwarsa, Barau ya auri Asma'u, a yi masa dariya kwana biyu a manta. Malam Mamman kuwa ya zauna lafiya da jakunansa uku, ba mai iya ƙaryata shi har abada. Dabarar ta yi masa kyau ƙwarai. Ya ɗaure kayansa, ya juyo zai yi sallama, sai ga Kulu tsaye bakin danga da ɗan ƙunshinta a ka, ta yafa zanenta na zuwa kasuwa.

"Mu tahi," ta ce. "Mai hana ni ya mutu, wanda ake ɓata ma aure ya mutu."

Yana iya cewa hanya ba kyau, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya dube ta, ya ga goshin Asma'u sak. Ya ji kunyar dabararsa har cikin ƙashi. Ɗanhausa ya ɗora ta a jaki har Sabuwa, suka sami mota zuwa Funtuwa, wata ta sauke su Ƙanƙara ran na goma cif.

Bayan la'asar zauren ya cika har waje, don Gide ya bi gari ya yi gayya. Almu na gefe a takure. Nata'ala ya fito riƙe da hannun tsohuwar, ya zaunar da ita kan buzunsa na salla.

"Na ce zan kawo gari da gida da mai shaida mai rai. Garin, gonakin yamma da Damari. Gidan, gidan Nomau. Mai shaida kuwa ga ta, ɗiyar Malam Mamman ce ta cikinshi. Gwaggona ce."

Mutane suka dubi tsohuwar, suka dubi irin ɗaurin zanenta, suka dubi juna. Ba wanda bai gane ba. Gide ya matso yana lashe baki, ya ce, "Iya, sannu da hanya. Shin wane littafi Malam ya fi karantarwa?"

"Dawa," in ji Kulu. "Da gero in ruwa ya yi gardama."

Ta ba su labarin rawani daga farko har ƙarshe, don ita ba ta ga abin ɓoyo a ciki ba. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Nata'ala na zaune yana sha, bai sunkuyar da kai ba, ko da yake kunnuwansa kamar an zuba masu barkono. Almu kaɗai ne bai yi dariya ba. Da aka lafa sai ya ce a hankali, "To Malam, ka cika rantsuwarka. Mun ji sharaɗi, ba mu ƙara takowa." Ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Malam Almu," in ji Nata'ala. "Na cika, kuma na janye. An taɓa tambayar wani asali a garin nan, abin da ya biyo baya ga shi zaune kan buzu, shekara hamsin ba ta ga ɗan'uwanta ba. Ni ba ni ƙarawa. Barau ya turo ran Juma'a."

Daga cikin gida aka ji guɗa ta tashi, aka kuma ji an yi saurin toshe bakin mai yin ta. Gide ya buɗe baki zai yi tsiya, ya duba fuskar taubashinsa, ya mayar da bakin ya rufe, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Da mutane suka watse, rana ta yi sanyi, Kulu ta jawo sandarta ta ce, "To, kai ni wurinshi."

Suka fita bayan gari. Ya gaya mata mata ba su shiga maƙabarta, ta ce ta ji, ta tsaya bakin shinge. Shi ya shiga. Tsohon gefen da aka binne mutanen shekarar yunwa ya baje, ciyawar damina ta rufe shi har gwiwa, ba tudu ba alama. Ya yi gabas, ya dawo yamma, ya tsaya. Kwana goma ya yi yana bin garuruwa neman kakan da bai taɓa gani ba, amma shekara arba'in yana garin nan bai taɓa tambayar inda aka sa ubansa ba. Ya dawo bakin shingen, idonsa ya cika.

"Gwaggo, ban san wurin ba."

"Ba komai," in ji Kulu. "Ya san muryata."

Ta dafa shingen, ta miƙe iyakar yadda bayanta zai bari, ta ɗaga murya irin ta mai kiran mutum daga gona ya zo ya ci tuwo.

"Labaran! Labaran! Ni ce Kulu, na zo!"

Tun yana ɗan shekara tara Nata'ala bai ƙara jin an kira sunan nan don mai shi ya amsa ba. Ya tsaya cikin ciyawa, hula a hannu, ya kama kansa yana saurare.